Mutum nawa ne yau? Littafin aikin makarantar hutu ta unguwarmu

Asabar, 2 ga Agusta, 2025

An samu wuri. Malam ya yarda ya ara mana harabar Islamiyyarsa da ke nan Ɗorayi a Kano, Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1:30, bisa sharaɗi biyu: kada a taɓa allunan ɗalibansa, kuma a bar masa wurin a share kafin la'asar. Aji uku ne, da rumfar kwano, da banɗaki biyu, sai rijiya a bayan aji na ƙarshe. Murfin rijiyar wani ruɓaɓɓen kwano ne da aka danne da bulo. Da na nuna wa Malam sai ya ce shekara da shekaru haka take, Allah na tsarewa. Na ce, "Allah gafarta Malam, haka ne, amma naka ɗaliban a zaune suke gaban allo, nawa kuwa sakinsu zan yi su yi langa." Ya yi dariya ya ce in kira mai walda.

Bara a zauren gidanmu na yi, yara 12, duk 'ya'yan maƙwabta, babu rajista babu komai. Bana abin ya girma, shi ya sa zan riƙa rubuta yadda ake ciki, iyaye su gani, wadda kuma ke son yin irinsa a unguwarsu ta san inda muka yi tuntuɓe.

Ga hannayen da nake da su: ni, malamar firamare mai hutu, 'yan mata biyu masu karatun NCE na zama malamai, ƙanena da ya dawo daga bautar ƙasa yana zaman jiran aiki, Hajiya maƙwabciyarmu, nas ce da ta yi ritaya, za ta riƙa zuwa Litinin da Alhamis, Inna mai girki, sai Baba mai gadin makarantar. Masu tsayawa kan yara kullum mu huɗu ne ke nan. Na yanke yara 40, goma ga kowane babba, ba ƙari ko ɗan sarki ne. Ƙanena ya zana jadawali mai kyau kamar katin biki, har da "awar kwamfuta", alhali kwamfutar ɗaya ce, tasa, batirinta kuma ba ya kai awa.

Laraba, 6 ga Agusta

Ranar rajista. Fom ɗin shafi ɗaya ne, amma tambayoyi huɗu a cikinsa sun tayar da ƙura: wa zai riƙa zuwa ɗaukar yaro, yana da wata lalura, akwai abincin da ba ya ci, an kammala masa allurar rigakafi? Wani uba ya riƙe biro ya ce, "Malama, lesin fa na kawo shi, ba Makka zai tafi ba." Na ce, "Alhaji, mai tafiya Makka babba ne, yana da bakin faɗar abin da ke damunsa." Ya girgiza kai ya cike.

Maganar rigakafi ba ni na ƙirƙiro ta ba. Duk wanda ke Kano a 2023 ya ga ɓarnar da mashaƙo ya yi a cikin yara, yawancinsu waɗanda ba a yi wa allura ba. Ba mu kori kowa don rashin kati ba, sai dai Hajiya ta rubuta sunayensu, ta tura iyayen asibitin sha-ka-tafi na kusa, inda ake yi kyauta.

Gurbin lalura kuwa kowa "babu" ya rubuta. Hajiya ta ce a bar mata. Ta ja kujera ta koma ƙarƙashin darbejiya, tana kiran iyaye mata ɗaya bayan ɗaya kamar masu shirin gulma. Kafin azahar ta fito mana da 2 masu sikila, 3 masu asma, da yarinya ɗaya mai farfaɗiya da ke kan magani. Uwar ɗaya daga masu sikilar har rantsar da ita ta yi kada maganar ta fita, wai yaron yana da yayye mata da ba su yi aure ba. Mun yi mata alkawari: mu huɗu da Hajiya da Inna ne kaɗai za mu sani, ko Baba mai gadi ba zai ji ba.

Kuɗi naira 8,000 ne na mako huɗu, har da abincin rana. Marayu 7 wata baiwar Allah ta biya musu. Gurbi ya cika kafin ƙarfe 12, mutum 17 na jira. Matar yayana ta kira da daddare, "Yanzu 'ya'yan naki ma sai sun bi layi?" Na ce, "Yaya, ki yafe ni, idona biyu ne kacal." Ta kashe wayar ba sallama.

Mai walda ya gama. Murfin ƙarfe da kwaɗo, makulli a jakata.

Litinin, 11 ga Agusta

Yara 40 muka rubuta, 47 suka shigo ƙofa. Rarar duk ƙanne ne, 4 daga cikinsu a goye a bayan yayyensu mata, 'yan shekara 9 da 10. Ban ga laifin iyayen ba. Uwa na suyar awara ko tana kan keken ɗinki, 'yar rainonta kuma za ta fita har azahar, yaya za ta yi? Amma yarinyar da ke goye da ƙani ba hutu ta zo ba, aikin gida ne ya canza mata wuri. Ɗaya na gani a gwajin karatu, takarda a hannu, tana jijjiga, ɗan yana jan hijabinta. Mu kuma ba mu da abin kula da ɗan shekara 2, ba wurin kwanciya, ba mai wanke masa kashi. Da yamma na bi gidajen. An fahimce ni ko'ina ban da gida ɗaya, inda uwar ta ce in dai ba da ƙanin ba, to ita ma yarinyar ta zauna. Na ce ta yi shawara, gurbin na nan, ba zan ba kowa ba.

Gwajin karatu: kowane yaro shi kaɗai, minti 3. Haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, sannan labari, duka da Hausa. Malama ce ni, na san halin da ajujuwanmu ke ciki, amma duk da haka jikina ya yi sanyi. Mutum 11 ne suka karanta labari, 9 sakin layi da ƙyar, 12 sun tsaya a kalmomi, 8 haruffan ma ba su haɗa ba, cikinsu har da ɗan aji 4. Don haka a lokacin karatu ba za mu raba su da aji ba, da inda kowa ya tsaya za mu raba. Na zagayen yini kuwa, kowane babba da gomansa, mun sa musu sunayen duwatsun Kano: Dala, Gwauron Dutse, Magwan, Fanisau.

Alhamis, 14 ga Agusta

Har yanzu hannuna rawa yake, amma gara in rubuta tun da zafinsa.

An tashi 1:30 kamar kullum, ƙofa ta cika, yayye da masu adaidaita sahu da iyaye kowa na kiran nasa. Wajen 1:50 wata uwa ta zo ɗaukar ɗanta, ɗan shekara 6, daga rukunin Fanisau. Babu shi. Ban san lokacin da na ruga bayan aji ba. Kwaɗon rijiya na nan a kulle, na taɓa shi sau biyu kafin na yarda. Muka duba banɗaki, ƙarƙashin benci, bayan buhunan gawayin Inna. Baba ya ce ya ga yara na fita rukuni-rukuni, wa zai tantance? Ƙanena ya hau babur ya bi layi-layi. Uwar ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, tsayawa kawai ta yi tana salati tana kallon ƙofa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Minti 25 aka yi. A gidan maƙwabtansu aka same shi yana cin ɗanwake. Wata 'yar shekara 12 daga cikin namu ce ta riƙo hannunsa, wai ta ga hanyarsu ɗaya, taimako ta yi.

A garin nan ɓatan yaro ba abin da ake cewa "zai dawo" ba ne. Ba mu manta da yara 9 da aka sace aka gano su a Anambra a 2019 ba, ba mu kuma manta da wata 'yar makaranta da aka sace aka kashe, aka gano gawarta a farkon 2022 ba. Duk uwar da ta miƙo mini ɗanta da wannan a ranta ta miƙo shi. Laifin nawa ne ni kaɗai. Ni na nace a rubuta sunan mai ɗaukar yaro, har da yi wa Alhaji gatse, sannan na tattara fom ɗin na zuba a jaka ban sake buɗewa ba. Kiran suna da safe kawai muke yi, kamar a aji. A aji yaro na zaune. Nan kuwa yana rumfa, yana banɗaki, yana wurin Inna, yana bin ƙadangare.

Na je gidansu bayan magariba na ba da haƙuri, har wurin maigidan. Ya ce, "Malama, Allah ya kiyaye gaba." Ban tambaya ko za su sake kawo shi ba.

Litinin, 18 ga Agusta

Sun kawo shi. Uwar da kanta, ta damƙa mini hannunsa a hannuna.

Sabon tsari ya fara. Kowane yaro da lamba, kati biyu: ɗaya a wuyansa, ɗaya a gida. Wanda bai zo da na gida ba, ko kakan yaron ne, sai na kira lambar da ke fom. Ƙofa ɗaya, ni a bakinta da littafi. Ƙirga sau huɗu a yini: shigowa, bayan wasa, kafin abinci, kafin tashi. Kowane babba ya ƙirga nasa ya faɗa da ƙarfi. Kafin azahar yara sun mayar da abin waƙa, sai ka ji "Dala goma!", "Magwan tara, ɗaya na banɗaki!" Tashi da ke ɗaukar minti 10 yau ya ci 35. Mai adaidaita sahun da ke kwasar yara 5 ya ce ina ɓata masa lodi. Na ce ya yi haƙuri, gobe ma haka ne.

Wajen 10:30 hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge irin na Agusta. Yara suka yi waje da gudu za su yi wankan ruwan sama, na gaba-gaba kuwa yaronmu mai sikila. Sanyi, ƙishirwa da gajiya mai yawa su ne ke tayar da ciwon, kuma in ya tashi ba maganar gida ba ce, kwanan asibiti ne. To ta yaya za a hana shi shi kaɗai ba tare da an tona abin da aka rantse ba za a tona ba? Hajiya ce ta warware. Ta koro kowa ƙarƙashin rumfa, ta sa ƙanena ya yanke kan gorar ruwa, ya liƙa mata rula, aka ajiye a tsakar fili. Sannan ta naɗa yaron Sarkin Ruwa: shi ke zama a inuwa da rigar sanyi da littafi, wasu su ɗauko gora bayan an ɗauke, shi ya karanta ya rubuta. Har hassadarsa ake yi. Ta kuma sa dokar shan ruwa ga kowa sau uku kafin tashi, don kada a ga shi da ɗayar ake bi da kofi.

Awar kwamfuta ta mutu mutuwar Allah, kwana uku babu wuta. Awon ruwan sama ya gaje ta, kuma lissafin da ake yi da shi ya fi wanda na shirya a takarda.

Laraba, 20 ga Agusta

Ɗaya daga 'yan NCE ta tsula wa wani yaro rula a baya, don ya ture na gabansa a layin abinci. Tun ranar farko na ce babu duka. Da aka tashi na zaunar da ita. Ta ce, "Anti, mu ma ai haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane." Ban yi mata wa'azi ba, don ni ma ba waliyyiya ba ce, na riƙe tsumagiya a aji mai yara fiye da ɗari. Abin da na faɗa mata shi ne, a nan ina buƙatar yara masu faɗa mini magana. Yaron da ke tsoron bulala ɓoyewa yake: ya yi fitsari a wando ya ɓoye, cikinsa na murɗa ya ɓoye, wani ya taɓa shi inda bai dace ba ya ɓoye. Da goma kacal a hannunki, kina da lokacin tambayar me ya sa. Ta yi shiru, ban sani ba ko yarda ce ko kunya, amma da kanta ta je ta tambaye shi.

Bai karya ba ne. Tun tuwon daren jiya. Da muka bi a hankali, ba a gaban juna ba, sai ga mutum 13 da ke zuwa haka ko da ruwan shayi kawai. Mu kuwa sai 12:30 muke ba da abinci, muna mamakin me ya sa ƙarfe 11 na yi faɗa ke ɓarkewa. Inna ta ce ita tun makon jiya ta lura, masu leƙen tukunya ta san su ɗaya-ɗaya, ba a tambaye ta ba ne. Daga gobe akwai koko ƙarfe 9:30. Kuɗinsa daga naman ranar Alhamis zai fito, dafa-duka ta koma da kifi busasshe.

Tunda an buɗe babin, na maimaita wa kowa ɗaya dokar: babba ba ya kaɗaicewa da yaro a aji da ƙofa a rufe, har ni, har ƙanena. Rakiyar 'yan mata banɗaki kuma ta mata ce.

Alhamis, 21 ga Agusta

Na roƙi Inna ta yi wa yara tatsuniya, ta ce ita ba ta tatsuniya da rana, mutum ɓata yake. Bayan abin da ya faru makon jiya ban yi gardama ba. Ta yarda da kacici-kacici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Shiru. Yaran da suka haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai kaf sun kasa gano tsintsiya, ga ta a hannun Baba yana shara.

Masu matakin kalmomi sun yini kan ƙugiya: baki da baƙi, kafa da ƙafa, kara da ƙara, gada da gaɗa. Da aka zo ta ƙarshe 'yan matan suka ce sai an yi, aka ajiye alli aka tafa. Maza suna can da ƙanena suna ƙera motar kara, ɗaya ya yanke yatsa da sillen, aikin Hajiya na farko da filasta.

Yarinyar nan mai goyo ta dawo. Kakarsu ta karɓi ƙanin Laraba da Alhamis. Kwana biyu a mako ya fi babu.

Asabar, 23 ga Agusta

Taron iyaye. Mata 22, maza 5, mazan a benci can baya kusa da ƙofa.

Ƙorafin farko na san zai zo: wasa ya yi yawa. Alhajin nan na ranar rajista ya miƙe ya ce, "Malama, dubu takwas na biya, yaro ya dawo mini da gwangwanin madara da wake a ciki. Ina Turanci? Ina jinga?" Aka yi dariya, amma da yawa sun gyaɗa kai. Na sa aka ɗauko littafin ɗansa. Kowace safiya yaron yana auna tsiron waken da rula, ya rubuta tsawonsa, ya cire na jiya daga na yau, ya rubuta jimla ɗaya da Hausa kan abin da ya gani. Ranar farko kalma uku ya rubuta, biyu ba daidai ba. Ta shekaranjiya layi biyu ce. Alhaji ya juya shafukan ya ce, "To, amma dai a sa Turanci."

Kuma yana da rabin gaskiya. Jarrabawar da ke gaban yaran nan da Turanci ake yin ta, uba bai yi laifi ba don ya ji tsoro. Abin da na ƙi shi ne a mayar da wurin aji na biyu, a cika allo yara su kwafa, a tashi da littafi cike kai fanko. Wanda bai iya haɗa "ba" da "ki" a harshen da yake mafarki da shi ba, ba zai haɗa na wani harshe ba. Mun daidaita: minti 30 na Turancin baka ga kowa, karatun Turanci ga masu matakin labari, jinga babu.

Ƙorafi na biyu shi ne ya kunyata ni, don ban san da shi ba. Wata uwa ta ce 'yarta tana dawowa a matse, da gudu take faɗawa banɗaki, wai ba ta shiga na makaranta. Nan take mata huɗu suka ce su ma haka. Ashe ƙyauren na mata ba ya rufuwa, maza kuma suna wasa dab da wurin. Mako biyu 'yan mata na riƙe fitsari daga safe har azahar, wasu ma sun rage shan ruwa don haka, ni ina bakin ƙofa ina ƙirga kawuna ina jin na iya aiki. Kafinta zai zo gobe ya sa sakata, za a kewaye da zana, filin ƙwallo ya koma gaban rumfa. Buta biyu da sabulu a kowane.

Uwar yaron da ya ɓata ta yi magana a ƙarshe, gajeriya. Ta ce masu ƙorafin jinkirin tashi su zo ta ba su labarin minti 25. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Talata, 26 ga Agusta

Fita ta farko, watakila ta ƙarshe a bana. 'Yan shekara 8 zuwa sama kawai, mutum 24, kowa da sa hannun gida. Bas biyu, manya 5 har da iyaye mata biyu da suka sa kansu. Kowane yaro da lambar wayata a bayan katinsa. Ƙanana suka zauna da ɗaya daga 'yan NCE da Hajiya, wadda ta zo ba ranarta ba, an yi kuka kaɗan.

Gidan Makama muka fara. Cikin 24 ɗin, haifaffun Kano duka, 2 ne suka taɓa shiga. Kafin mu tafi na ba su labarin Muhammadu Rumfa, wanda ya zauna a gidan kafin ya hau sarauta, ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, ya gina gidan sarki na yanzu, a zamaninsa kuma aka kafa kasuwar Kurmi. Shekarun ba su dame su ba. Abin da ya tsayar da su tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari ne, da kaurin bangon ƙasa, da sanyin da ke cikin soro ba fanka ba komai. Wata ta tambaya me ya sa gidansu na siminti ya fi wannan zafi. Wani, da aka zo kan shigowar Turawa a 1903, ya ce to ina amfanin ƙyauren? Na ce ya riƙe tambayar, mu tattauna ta gobe, don ni ma ina son lokacin tunani.

Daga nan marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Na je tun Lahadi ni kaɗai na duba wurin, na ga ramukan rini a buɗe suke dab da ƙasa kuma da zurfi, shi ya sa na ƙi zuwa da ƙanana. Igiya muka yi amfani da ita, kowa ya riƙe, babba a gaba babba a baya. Wani dattijo marini ya nuna musu baba da toka, ya tsoma farin ƙyalle ya ɗaga, ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a kan idonsu. An yi kabbara. Sarkin Ruwa ya tambaye shi me zai faru in ruwan sama ya shiga ramin, dattijon ya nuna masa murafan da suke kifawa.

Sau 9 muka ƙirga tsakanin fita da dawowa. Ƙanena ya so a ƙarasa Dala a hau, na ce ba da ni ba, ba da masu asma biyu a cikin tawaga ba.

Alhamis, 28 ga Agusta

Mutum 3 ba su zo ba, gudawa. Wasu 2 jikinsu ya yi zafi a nan. Hajiya ba ta tsaya dogon zance ba, randar ruwan sha ta nufa. Moɗa ɗaya, hannu 40 na shiga da fita. Yau randa ta yi ritaya. Mun ɗauko bokiti mai famfo da ya rage tun zamanin korona, kowa da kofinsa mai lambarsa, wanke hannu da sabulu kafin koko da kafin abinci, babba a tsaye yana kallo. Ya kamata a ce da haka muka fara, ni da na tsaya sayen fenti da kwali.

Ta tara manyan yaran ta koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya-wata biyu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta ce in akwai na leda daga kemis ya fi, kuma in ga amai ga gudawa kamar ruwan shinkafa, ba a jira, asibiti. Kowa ya rubuta a littafinsa ya kai gida.

Masu zazzaɓin ba mu ba su komai ba, dokarmu ce ba ma ba da magani. Mun kwantar da su, mun kira gida, Hajiya ta ce a yi gwajin cizon sauro kafin a sayi magani. Ɗayar ita ce yarinyarmu mai sikila, ita kam Hajiya ba ta bari an kai ta gida ba, ta shiga adaidaita sahu da uwar suka wuce asibiti kai tsaye, don zazzaɓi ga mai sikila ba abin jira ba ne. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina na 'yan ƙasa da shekara 5 ne, namu sun wuce, sai gidan sauro. Ƙanena da Baba sun yashe kwatar bayan aji, sun kifar da tayoyin da ruwa ya kwanta a ciki.

Talata, 2 ga Satumba

Yarinyarmu mai sikila ta fito daga asibiti, kwana biyu ta yi. Tana gida tana hutawa, rukuninsu sun aika mata da gwangwanin wakenta, ya fara yaɗo.

Jiya da yau mun maimaita gwajin karatu da sababbin takardu. Daga 8 da ba su haɗa haruffa ba, 5 sun shiga kalmomi. Daga masu kalmomi, 4 sun karanta sakin layi. Ɗan aji 4 ɗin nan yana cikin 3 da ba su motsa ba, kuma sai yau, da na zauna kusa da shi, na ga yadda yake kai takarda dab da hanci yana ƙanƙance ido. Mako uku yana gabana. Na rubuta wa mahaifinsa takarda a kai shi a duba idonsa, Hajiya za ta bi sawu.

Kuɗi: saura naira 11,500, bashin mai gawayi 6,000. 'Yan NCE ba su samu abin da ya kai wahalarsu ba, na faɗa musu gaskiya. Wadda ta yi duka ita ce yanzu yara ke rububin zama kusa da ita, ita ce kuma ta kawo shawarar a ci gaba ranar Asabar kawai bayan an koma makaranta, ga masu haruffa da kalmomi. Malam yana da ɗalibai safiyar Asabar, don haka sai an nemi wani wuri, kuma babu Inna babu koko sai an samu mai ɗaukar nauyi. Mutum 17 na jerin jira har yau suna tambaya, matar yayana kuma ba ta fara amsa gaisuwata da kyau ba.

Jibi Alhamis za mu rufe, Juma'a hutun Maulidi. Iyaye za su zo ƙarfe 11, Sarkin Ruwa zai karanta awonsa na ruwan sama, 'yan mata za su yi gaɗa, Inna ta ce in an kai magariba za ta yi tatsuniya, na ce ba za a kai ba. Ranar za a samu baƙi da yawa a harabar, ƙofa kuma ɗaya ce, don haka gobe zan zauna da Baba da ƙanena mu tsara wa zai tsaya ina. Makullin rijiya zan miƙa wa Malam hannu da hannu.